Wayar da Ke Ƙasan Akwatin Inna

Yayata ce ta kawo wayar shago da hantsi, a ƙulle cikin tsohon ɗankwali. Ta ajiye ta a kan teburina tsakanin ƙarfen liƙi da kwalbar sifirit, ta zauna a bencin masu jira, ko gaisuwata ba ta amsa ba.

"Inna ta ce ka tayar mata da ita," in ji Yaya.

Da na kwance ƙullin, warin kafur ya buge ni. Ƙaramar waya ce baƙa, irin wadda aka daina yayi tun tuni. Bayanta ya kumbura har murfin ya ɗaga, kana iya zura farce ta gefe. Ina juya ta na gane ta, domin akwai tsaga a kusurwar gilashin, kuma a gabana ta faɗi ta yi wannan tsagar. Wayar Auta ce, ƙanenmu. Sai da ya more ta son ransa, sannan ya sayi sabuwa ya bar wa Inna wannan.

"Ba ita ce Inna ta ce an sace ranar da gida ya cika da masu ta'aziyya ba?"

"Ita ce. Ba wanda ya sace. Tana can ƙasan akwatin ƙarfe, a ƙarƙashin zannuwan da ba ta ɗaurawa."

Auta direban babbar mota ne, mai dogon zango. Allah Ya yi shi da surutu. Tun yana ƙarami Babanmu ya laƙa masa Rediyo Mai Jini, ya ce shi kaɗai ne rediyon da ya gagare shi kashewa. Ni da Yaya kiranmu yake yi. Inna kuwa ba ta ɗaukar kira, kafin ta lalubo wayar a cikin tarkacenta ta tsinke, don haka ya koma aiko mata da saƙon murya daga duk inda ya yada zango. Ya faɗa mata abin da ya ci, da wanda ya yi faɗa da shi, da yadda tayar baya ta fashe a daji. Ranar da motarsa ta ƙwace a gangare ta kama da wuta, wayarsa tana aljihunsa. Bayan nan mun bi abokansa, mun bi 'yan tasha, muna neman ko da bidiyo guda da yake magana a ciki, ba mu samu ba. Hotuna dai akwai, har muka wanke babba muka rataye a ɗakin Inna.

Hoton nan shi ya riƙe ta shekara da shekaru. To bara idonta na dama ya mutu, bana na hagu ya bi shi. Likita ya ce jijiyar ce ta tafi, ba yana ba ce balle a kankare. Yanzu hoton da bangon duk ɗaya ne a wurinta.

"Jiya ta sa na kwashe kayan akwatin," in ji Yaya. "Ta ce lokacin ajiyarta ya yi. Ta ce duk saƙonninsa suna ciki, ko ɗaya ba ta goge ba, kuma kowanne sau ɗaya tak ta saurara."

"Sau ɗaya? Don me?"

"Don kada muryar ta cinye."

Wallahi sai da na ajiye sukuddireba na dafe kaina, domin nan take na san inda ta samo wannan karatu. Babanmu mai gyaran rediyo da rikoda ne, shagon nan ma nasa na gada. A zamaninsa gaskiya yake faɗa. Kaset in ka yawaita sa shi zaren yana gogewa, muryar ta dusashe, wata rana rikoda ta tauna shi. Kullum yana gaya wa mutane, kaset ɗin da kake so ka rage jinsa, ka naɗe shi ka ajiye. Inna ta zauna da mutumin nan har ya koma ga Allah, maganarsa kuwa a wurinta yankan wuƙa ce. Sai ta ɗauki karatun kaset ta ɗora wa waya. Ta kuma san halinmu, da mun san wayar tana nan da kowa ya zo ya ce a sa masa ya ji, shi ya sa ta shirga mana ƙaryar sata.

Abin da Baba bai rayu ya gani ba, ni na gani. Da na karɓi shagon na tarar da gwangwanin madara cike da kwandansa, 'yan ƙananan kayan cikin rediyo masu riƙe wuta, sababbi fil a ledarsu, waɗanda yake ɓoyo don rediyon mutanen da yake jin nauyinsu. Na ɗora musu mita ɗaya bayan ɗaya. Mafi yawansu sun bushe, domin akwai ɗan ruwan magani a cikinsu, kuma ruwan yana tsanewa ko ka ba su wuta ko ba ka ba su ba. Kayan wuta ba atamfa ba ne da za ka ninke ka manta. In ka yi aiki da su zafi ya cinye su, in ka ajiye su su ci kansu a zaune. Na kwashi gwangwanin na zubar a bola raina a ɓace.

Ƙwaƙwalwar waya kuwa ta fi kwandansa mugun hali. Ɗan baƙin abu ne, bai kai farcen babban yatsa ba, kuma abin da ke riƙe da murya ko hoto a cikinsa ɗan cajin wuta ne da aka tsare a ƙananan gidaje. Cajin yana yoyo a hankali kamar ruwa a tsohuwar randa. In wayar tana kunne ana aiki da ita, takan lura ta gyara abin da ya fara zubewa. In an kashe ta an jefa a akwati, babu mai gyarawa. Wadda ta sha aiki ta fi saurin yoyo, zafi kuma yana ƙara mata gudu. Wannan kuwa Auta ya tatse ta kafin ya bayar, sannan akwatin Inna yana jingine da bangon da rana ke duka tun daga azahar.

Na zazzage wa Yaya duk wannan, da ƙarfi, har telan da ke maƙwabtaka da ni ya leƙo ya ga ko faɗa ake. Ta bar ni na gama.

"Ni kake yi wa ihu? Ni na ajiye?" ta ce. "Za ta tashi ko ba za ta tashi ba?"

"Ban sani ba."

"To ka je ka faɗa mata da bakinka. Ni ba zan iya ba."

Ban je ba sai da na buɗe wayar. Batirin ya yi ciki, na ɓamɓare shi a hankali na kai shi waje na binne a bokitin yashi, don irinsa yakan tashi da wuta. Ya riga ya yi aman abin da ke cikinsa, allon da ke ƙarƙashinsa ya yi kore-kore da fari-fari. Na wanke da sifirit da buroshi, na busar, na sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Wasu hanyoyin wutar tsatsa ta cinye su, na ja musu siririyar tagulla na haɗa. Mita ta nuna wani ɗan kwandansa ya haɗe wuta, na tsince shi da hantsaki na sa wani. Kwanaki na yi a kan wannan. Masu kawo gyara na ce su dawo wani mako, wani ya zage ni, na rama masa da ƙari.

Da na ba ta wuta daga na'urar tebur, gilashin ya yi haske. Tambarin kamfanin ya fito, ya tsaya, ya tsaya, sannan ya ɗauke. Ya sake fitowa, ya sake ɗaukewa. Na zare wutar da sauri. Wayar ta manta ma yadda ake tashi, wato yoyon ya kai har cikin abin da take karantawa ta farka. Hanya ɗaya ta rage min: in hura wa ƙwaƙwalwar iska mai zafi har dalmar da ke ƙarƙashinta ta narke, in ɗaga ta, in sa ta a na'urar karatu in kwashe abin da ya saura. Amma zafin da zai narkar da dalma yana iya ƙarasa abin da ya saura ɗin. Wannan ba hukuncin da zan yanke ni kaɗai ba ne.

Na sami Inna da la'asar a bakin gadonta, ta juya fuska wajen ƙofa inda iska ke shigowa.

"Mai shago, kai ne? Warin dalma ya riga ka sallama."

Na gaishe ta, na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. A hanya na shirya magana mai laushi, amma ina buɗe baki halina ya riga ni.

"Haba Inna! Me ya sa kika yi mana haka? Da kin kawo min ita tun a lokacin, kafin ki gama alwala na kwafe miki su a wuri goma. Ki ji safe, ki ji yamma, ba abin da zai same su. Waya ba kaset ba ce!"

"Ubanka ya ce..."

"Baba kaset ya sani."

"Ubanka ya san abin da ya sani," ta ce, muryarta ko rawa ba ta yi ba. "Kai kana tsammani ban so in ji ba ne? Sau nawa na buɗe akwatin nan na ɗora hannu a kanta na mayar da murfi? A lokacin ina da ido, ina ganinsa a bango. Na ce bari in bar wa kunne rabonsa sai ranar da ba ni da komai sai kunnen. Ajiya ai maganin wata rana ce. To ga ranar ta zo."

Kunya ta kama ni, da tausayi, da wani haushi da na rasa wanda zan sauke wa. Tsohuwar nan ta hana kanta abin da ta fi so a duniya, ta daure, ta cije, kuma wannan dauriyar ce ta lalata abin. Ban faɗa mata haka ba. Na dai bayyana mata maganar zafi da dalma, na ce ana iya samu, ana kuma iya rasawa gaba ɗaya.

"In an bar ta haka nan fa?"

"Kullum ƙara zubewa take yi."

"Yau ma?"

"Yau ma, Inna."

"To zaman me kake yi a nan? Tashi ka je."

Washegari na janyo ƙofar shago, na kashe fanka don kada iskarta ta karkatar min da zafin. Na yi wannan aikin ga wayoyin mutane ba adadi, ina yi ina hira, ina cin gyaɗa. Ran nan kuwa sai da na jingina gwiwar hannu da bakin tebur. Na rufe kewayen da tef mai jure wuta, na ɗiga man liƙi, na fara zagaya bakin na'urar hura iska mai zafi a kan ɗan baƙin abun. Man ya tafasa, hayaƙinsa ya shiga idona, ban ƙifta ba. Na taɓa gefensa da hantsaki, ya ƙi. Na ƙara zagaye, ina jin kamar naman jikina nake gasawa. Na sake taɓawa, ya motsa. Na ɗaga shi na ajiye a kan ƙarfe mai sanyi, na yi hamdala a fili ni kaɗai.

Na share ƙasansa, na sa shi a na'urar karatu, na haɗa da kwamfuta. Ta yi ta tuntuɓe, ta karanta nan ta tsallake can, ta koma baya ta sake. Can sai ga jakar saƙonnin murya ta buɗe. Suna nan jere, shafi bayan shafi, kowanne da kwanan watansa da tsawonsa. Kai! Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na kira Yaya na ce mata sun fito, sun fito duka. Ina jinta ta wayar tana gudu tana kiran Inna.

Sai bayan na ajiye waya na danna na farko. Kwamfuta ta ce ba ta gane shi ba. Na danna na biyu, haka. Na uku ya buɗe, wani ƙiiii ya fito mai tsinka kunne, da ƙas-ƙas, da wani gurnani da ke hawa yana sauka. Sunayen ne suka tsira, abin da ke cikinsu ya rarake. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har rana ta karkata. Na sake karanta ƙwaƙwalwar, na sake, ko za a dace wani karon. Na kai wa wani abokin sana'a da ya fi ni kayan aiki, ya kwana biyu da ita, ya dawo min da ita yana girgiza kai. Ya ce in haƙura, abin da ya zube ya zube.

A cikin tarin nan gaba ɗaya, guda ɗaya ne ya fita tas, ba ko ƙura. Na saurare shi har ƙarshe, na so a ce ban saurara ba. Na sa wa Yaya a ƙofar gida kafin mu shiga, ta toshe baki da mayafi.

"Kada ka sa mata wannan," ta ce. "Ka ji ni? Ka ce babu ko ɗaya."

Inna ta yi wanka, ta ɗaura ɗaya daga cikin zannuwan akwatin, har da turare. Tun ranar da na yi kiran nan take shiri. Ta gyara zama a bakin gado, ta ture ɗankwali daga kunnenta na dama, wanda ya fi ji.

Na durƙusa a gabanta na faɗa mata gaskiya. Na ce na yi gaggawar magana, sunayen saƙonnin ne suka fito, muryar ta lalace. Na ce na yi iya yina, wanda ya fi ni ma ya yi. Ban ɗaga murya ba wannan karon.

Hannunta yana shafa zanen a kan gwiwarta, yana komawa.

"Duka?"

"Duka, Inna," in ji Yaya da sauri.

"Ba ke na tambaya ba. Mai shago, duka? Ko ɗaya bai fita ba?"

Ni ban iya yi wa Inna ƙarya ba ko tana gani, balle yanzu da take jin numfashin mutum.

"Akwai ɗaya. Amma ba nasa ba ne."

"Sa min."

Yaya ta harare ni, ta juya baya. Na ɗora wayata a kan gado kusa da Inna, na danna. Muryar mace ta cika ɗakin, mai ƙarfi, mai kaifi, ana jin ƙarar tukunya a bayanta.

"Kai Rediyo, wai ba ka gajiya ne? Tun safe wayar nan take kuka, ko sallah ba ka bar ni na yi a natse ba. Ka cika min waya da surutu. Ka riƙe sauran labarin, in ka dawo ka ba ni. Ka ji ko? Ka kula da hanya."

Inna ta karkata kai.

"Wace ce wannan mai faɗa haka?"

"Ke ce, Inna," in ji Yaya, tana kuka.

"Ni?"

Na ga leɓenta yana motsi, tana maimaita kalmomin a hankali. Na so ƙasa ta tsage in shige. Cikin duk abin da yaron nan ya faɗa mata, da dariyarsa, da ƙorafinsa, da waƙoƙin banza da yake rera mata, abin da ya ga damar tsira shi ne inda take cewa ya yi shiru.

"Na tuna," ta ce. "Ya amsa wannan. Doguwar amsa ya yi, da gangan, don ya ƙular da ni. Sa na bayansa."

"Inna, ya lalace. Ba magana a ciki, ƙara ce kawai."

"Na ce ka sa."

Na duba. Na bayansa yana cikin masu buɗewa, kuma dogo ne kamar yadda ta ce. Na danna. Ƙiiii ɗin ya fito, da ƙas-ƙas, da gurnanin nan mai hawa da sauka, wanda ba ka iya cewa mutum ne ko injin mota. Wani wuri ya yanke ya yi tsit, sannan ya dawo. Yaya ta toshe kunnuwa ta fita tsakar gida. Ni ma na kasa jurewa, na kai yatsa zan kashe.

Inna ta cafke wuyan hannuna. Ban san yadda ta gane inda yake ba, kuma ban san tana da sauran ƙarfi haka ba. Ta matso da kunnenta dab da wayar.

"Kada ka katse shi," ta ce. "Bar shi ya gama maganarsa."